Sunan da Anka Rubuta wa Ƙanwata

Ni ban yi karatu ba, amma tun ina yarinya a Wurno na san ciwon kai ba iri ɗaya ba ne. Kakarmu takan rarrabe su awa mai tsince wake. Akwai wanda iska ta taɓa, akwai mai farfaɗiya, akwai wanda zazzaɓi ya hau ma kai, akwai wanda anka haifa hakanan. Sannan akwai na mai jego, wanda ba a ma kiran shi hauka a gaban mutane, don shina zuwa ne shi wuce.

Shi ne ya kama ƙanwata, wadda ke aure a Rara, bayan haihuwarta ta fari. Ta bar barci, tana magana ita kaɗai, ranar nan ta fita ba mayafi har bakin fadamar albasa. Munka maido ta gida, ni ke yi mata wankan jego, ni ke dama mata kunun kanwa. Cikin mako uku ta fara lafawa. Tana ba yaron nono, tana tambayar ina tsintsiya.

Lokacin ne ɗan kawunmu, wanda ke yi ma Turawa tafinta, ya aiko cewa likita Bature ya sauka Rabah, a kawo ta a ba ta magani ta ƙarasa warkewa. Innarmu ba ta so ba. Ni na matsa. Na ce ai namu ne zai tsaya tsakani.

Baturen na zaune bisa kujera da takarda mai layi-layi. Bai taɓa ta ba, tambaya kawai. Wace rana ce yau, ta faɗi. Wane gari muke, ta faɗi. Sai ya tambayi sunan mijinta. Ta sunkuyar da kai. Ya tambayi sunan yaron da ke goye a bayana, ta juya fuska ga bango. Ya sa na kwance shi na miƙa mata, ta ƙi kallon shi, ta ƙi karɓa.

To wace ɗiyar mutunci za ta ambaci sunan miji, ko ta rungumi ɗan fari a gaban baƙin maza? Ni a wurin daɗi na ji, don na ga kunyarta ta dawo, hankali ke nan. Na dubi ɗan kawunmu ina jiran shi bayyana. Ya yi 'yan kalmomi da Turanci, Baturen ya gyaɗa kai, ya ja alƙalami cikin layi ɗaya.

A waje na tare ɗan kawun namu, na ce mi anka rubuta. Ya ce wani suna ne mai tsawo, na masu ciwon da ke kashe zuciya har uwa ba ta san ɗanta ba, kuma irin su ba a barin su da jariri.

"Yaya, kai ma matarka ba ta kiran sunan ɗanku na fari. Mi ya hana ka gaya mai?"

"Takardar ba ta da wurin kunya," in ji shi. "Layi huɗu ne, dole ta faɗa ɗaya."

Bai dube ni ba da yana faɗin haka. Daga baya na gane tsoro ya ji kar Bature ya ga shi ma baƙauye ne.

Kwana biyu dogarai sunka zo sunka tafi da ita birni, inda ake tsare masu irin wannan suna a gefen gidan yari. Na bi su har mararraba da yaron a bayana yana kuka, nononta na jiƙa mata zane.

Yanzu jikata mai aikin asibiti ta ce an daɗe da sake waɗannan sunaye, wai na mai jego ma an ba shi nashi wuri a littafin likitoci. Na ce madalla, sun cim ma kakarmu.

Ƙanwata kuwa, damina uku ta yi can birni. Kafin ta dawo mijin ya sake ta, don duk Rara an san mi Bature ya rubuta. Yaron da madarar akuya na raine shi. Ranar da ta shigo gida, a rame, kai a aske, ba ta ji kunyar kowa ba, ta durƙusa a tsakar gida ta kira sunan yaron da ƙarfi. Ya ruga ya ɓuya a bayana.