Saniyar da Ta Gano Haikali

Shekarar da na haifi 'yar fari, Inna ta zo Manchester yi mini wankan jego. Muna zaune a unguwar Moss Side, katanga ɗaya da wata tsohuwa 'yar Tamil, daga kudancin Indiya. Inna ba ta jin Turanci, tsohuwar kuma nata Turancin a gutsure yake, amma kafin a yi suna sun ƙulle. Ni aka mayar tafinta, ga jaririya a kafaɗa.

Kullum da hantsi tsohuwar takan shigo da shayinta, ta ɗora labarin haikalin ƙauyensu daga inda ta tsaya jiya. Jikokinta ba sa zama su ji, kuma ta ce a danginsu ita kaɗai ta rage da ta san shi daga tushe. Wai wata saniya ce ta riƙa ɓallewa daga garke tana zubar da nononta a kan suri. Makiyayin ya fusata ya kai wa surin sara, sai jini ya ɓullo daga wani dutse a ciki. Sarkin ƙasar ya yi mafarki, ya tashi ya sa aka yi gini a wurin.

Inna, wadda ta tashi cikin shanu, ta ce in gaya mata babu saniyar da ke sakin nono ba maraƙi a gindinta. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. Inna takan yi istigfari bayan tsohuwar ta fita, amma washegari ita ce ke fara leƙen taga.

Haka muka bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ƙara hasumiya, wancan ya haƙa tafki. Muka kai lokacin da mayaƙa suka tunkaro garin, masu hidimar haikalin suka binne gunkin tagulla, wanda ya san wurin kuma aka kashe shi. A nan ta tsaya, ta ce sai gobe. Washegari ta faɗi a kicin, ɗanta ya ɗauke ta ya koma da ita Birmingham.

Na yi kewar hantsin nan ƙwarai, har yau ina yi. Inna kuwa ta hana ni sakat sai da muka hau jirgin ƙasa zuwa asibitin da aka kwantar da tsohuwar a unguwar Edgbaston, can Birmingham. Shanyewar jikin da ta same ta ta tafi da Turancinta kaf. Ta kama hannun Inna ta yi ta zuba da yarensu, Inna tana gyaɗa kai.

"Yaro, me take cewa?" in ji Inna, tana duban ɗan tsohuwar da ke tsaye bakin gado. "An samo gunkin?"

Na juya wa ɗan da Turanci. Likita ne, furfura ta fara masa. Ya sunkuyar da kai ya ce tun yana firamare Tamil ɗinsa ya zube, abin da yake tsinta bai wuce gaisuwa da sunan abinci ba.