Ranar da Na Bi Shi Shagari

Ina aji biyar na sakandare wani yaro ɗan garin Shagari ya zo garinmu Boɗinga koyon ɗinki wajen kawunsa. Shagon yana bakin hanyarmu ta makaranta. Siriri ne, marar yawan magana, kullum da allura soke a wuyan rigarsa. Hijabina ne ya yage na kai gyara, aka miƙa masa. Daga ranar na shiga yaga kayana da hannuna. Inna ta yi ta mamakin yadda duk ƙusar da ke garin sai ni take kamawa.

Ba zan ce bai so ni ba. Ya ɗinka mini jakar littattafai da ragowar atamfa kala uku, kuma in ya hango ni sai keken ɗinkin ya tsaya. Amma nawa son ya wuce hankali. Nakan ari wayar yayata in yi ta kiransa, in ya ɗauka in rasa abin faɗa, in kashe, in sake kira. In na ga wata ta tsaya a shagon, ranar ba ni cin tuwo. Na taɓa hana shi ɗinka wa wata 'yar ajinmu kayan salla. Ya bi maganata, kawun ya zage shi gaban mutane. A lokacin daɗi na ji.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, na faɗi warwas. Baba fataucin albasa yake yi, bai cika zama gida ba, amma labarin ya same shi a kasuwa. Bai dake ni ba. Ya kira ni zaure ya ce, "Karatu na sa ki, ba tsayuwa bakin shago ba. Kuma gidansu mahauta na, ba mu haɗa zuri'a da su." Washegari ya je ya sami kawun. Kafin Juma'a an mayar da yaron garinsu.

Mako biyu wayarsa a kashe. Wata safiya na sa kayan makaranta, na wuce ƙofar makarantar, na shiga motar Shagari. Damina ce, gero ya yi kai, ko'ina kore shar, iska na shigowa ta tagar da ba gilashi. Har yau ban sake jin daɗin wata tafiya kamar wannan ba. Gani nake da ya gan ni komai zai gyaru.

Wata mai tallar nono ta nuna mini gidan. Na iske mahaifiyarsa tana surfe, doguwar mace mai zane baƙi. Ta dubi kayan jikina, ta jingine taɓarya.

"Ke ce ɗiyar Boɗinga," ta ce.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura. A ƙofar wani ɗaki na ga takalmansa. Ta lura da inda nake kallo.

"Shina ciki. Ban hana shi fitowa ba."

Na zauna har aka kira azahar. Labulen ɗakin ko motsi bai yi ba. Bayan mun yi salla ta matso kusa da ni.

"Ɗiyata, ni ma ban son zancen ga. Ba don tsohonki ya raina sana'armu ba, wannan mun saba. Yaron ga tun da ya dawo, in waya ta yi ƙara sai ya firgita. Ya ce mini tsoronki yake ji. Ni ko ba ni ba da ɗana ga wadda yake tsoro, ko ɗiyar wa ce."

Na yi kuka har na gode Allah, ba ta ce in yi shiru ba. Da na gaji ta ɗauko mayafinta, ta raka ni tasha, sai na ga ita ma ta shiga motar. Tana riƙe da hannuna har Boɗinga.

A gidanmu ta yi sallama, ta ce wa Inna, "Gaisuwa na zo, sai na gamu da ɗiyarku kan hanya." Inna ta dubi idanuna da suka kumbura, ta dubi baƙuwar, ta ce, "Mun gode. Bismilla, shigo ɗaki." Sun daɗe a ciki. Har Baba ya bar duniya bai san na taɓa taka Shagari ba.

Na maimaita ajin. Na yi watanni ina jin haushin matar, sannan haushin ya koma kunya. Daga baya na tafi Sakkwato karatu, na dawo ina koyarwa a firamare, na yi aure. Shi kuma na ji ya buɗe shagonsa a garinsu, yana da iyali. Ba mu sake haɗuwa ba.

Bara Inna ta aiko mini cewa mahaifiyarsa ta rasu, in zo in raka ta ta'aziyya. A mota ne ta faɗa mini ashe duk shekarun nan ba su yanke zumunci ba: ita takan aika da albasa ta hannun direbobi, can kuma a aiko mata da kilishi. Muka zauna cikin mata, ba wanda ya gane ni. Wata tsohuwa ta tambayi Inna yaya take da mamaciyar, Inna ta ce ƙawarta ce.