Miro da Huɗu Cikin Goma

Idan ka biyo titin da ya fito daga San Pedro ya nufi tsohuwar masana'antar sukarinmu, kafin ka kai gada za ka ga wani dogon dattijo a gindin mangwaro, da bahon ruwa a gabansa, yana laluben inda tayar babur ta huje. Casimiro Lantigua ke nan, mu Miro muke ce masa. 'Yan acaba "tsoho mai faci" suke kiransa, su cillo masa taya ko gaisuwa babu. Duk sanda na ga haka sai in ji kamar in kwaɗa wa yaro mari. 'Yan banza, da kun san hannun da kuke miƙa wa tayoyinku!

Ni sunana Tavo. Tare muka taso da shi a gidajen ma'aikatan rake, ni ne kuma na riƙe 'yarsa ranar baftisma, alkawarin da aka yi mini tun tana ciki, shi ya sa tun daga lokacin har gobe "kompai" muke kiran juna. Don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce, a gabana aka yi.

Mu a nan ƙwallo ɗaya muka sani, wadda ake duka da sanda. Mai jifa ya wurgo, kai ka daka, ka ruga buhun farko, cikin waɗanda aka ajiye a fili don alama, kafin su kai ƙwallon can. In ka riga ta, ka ci. Wasa ne marar tausayi. Wanda ya tsaya sau goma ya ci uku, shi ne gwani, har mata su sa wa 'ya'yansu sunansa, alhali sau bakwai kunya ya sha. Huɗu cikin goma kuwa, mutum kan riƙe ta wata guda in ya taki sa'a. Amma daga farkon kakar wasa har ƙarshenta, ni dai mutum ɗaya na gani da idona.

Miro ba ƙarfi gare shi ba, ido gare shi. Muna yara babu mai kuɗin ƙwallo, da murfin kwalba muke wasa, muna dukansa da kotar tsintsiya. Murfin kwalba kuwa ba ya tafiya kai tsaye, rawa yake yi a iska. Mu duk wanda ya zo sai mu kai masa duka kamar masu korar ƙuda. Shi ko sai ya tsaya ƙiƙam, ya bar munanan su wuce, sai mai kyau ya zo ya ɗauke shi. Da ya girma ya kama aikin tuƙa amalanken shanu mai ɗaukar rake zuwa ma'auni, kuma wanda ya wuni a bayan shanu ai ya gama koyon haƙuri.

To akwai wata doka a wasan. In mai jifa ya jefo huɗu a waje da inda ya kamata, kai kuma ba ka kai musu sanda ba, sai alƙali ya ce ka taka zuwa buhun farko kyauta. Wannan takawar ba a lissafa maka ita a ci, ba a lissafa ta a faɗuwa, kamar ba ka tsaya ba. A wurinmu kuwa abin kunya ce. Kowane yaro ya haddace maganar nan tun kafin ya haddace addu'ar cin abinci: ba a fita tsibirin nan da tafiyar ƙafa, sai da duka. Amurkawan da ke zuwa ɗaukar 'yan wasa ba sa biyan kuɗin jirgi don su kalli mutum yana tsaye. Miro kaɗai ne bai yarda da wannan karatun ba.

"Me zai sa in daki abin da ba nawa ba?" haka yake cewa.

Shekarar da nake ba ku labari yana da ashirin da uku, wato a idon masu ɗaukar 'yan wasa ya riga ya tsufa, su 'yan sha shida suke nema. Matarsa Femia tana da ciki, kuma kowa ya ga alamun masana'antar ta fara tangal-tangal. Akwai wani dillalin 'yan wasa, Don Evaristo, mai farar hula da zoben zinariya, shi ke kai wa Amurkawa yara. Ranar Lahadin farko ta kakar, Miro ya tare shi a bakin fili, hularsa a hannu.

"Don Evaristo, a duba ni mana."

"In duba me, Lantigua? Furfura?" Mutane suka kwashe da dariya. Da ya ga Miro bai gusa ba sai ya ce, "To ji nan. Ka gama kakar nan da huɗu cikin goma, ni kuma in kawo maka Ba'amurke har nan ranar wasan ƙarshe. Ƙasa da haka, kar ma ka gaishe ni."

Ya faɗa ne don ya rabu da shi. Miro kuwa ya ɗauke ta kamar wasiyyar uba.

Kakar wasan masana'antu tana faɗowa ne lokacin da ba a saran rake, wanda muke kira mataccen lokaci, babu aiki babu albashi, sai dafaffen agade safe da yamma in an samu. Da wannan yunwar Miro ya shiga fili. Ni a lokacin gwiwata ta riga ta lalace, sai aka tsayar da ni a gefen buhun farko ina gaya wa 'yan wasanmu su tsaya ko su wuce. Saboda haka duk cin da ya yi, wurina yake ƙarewa, yana haki.

Kai, na ga duka a shekarar nan! Ba ya aika ƙwallo cikin gonar rake kamar masu neman tafi. Ajiye ta yake yi inda babu kowa, tsakanin mutum biyu, su tsaya suna kallon juna. Wata biyu ya yi yana kusan biyar cikin goma. Garin ya ɗauka, amma a gabansa babu mai ambaton lissafin, don mu a wurinmu wanda ya faɗi adadi a kunnen mai shi ya karya shi. Wani ɗan maye ya taɓa ɗaga murya ya faɗa a kanti, sai da aka fitar da shi da mari.

Sai abin ya fara cin sa. Ya rame, ya daina dariya, ya bar zaman wasan domino da abokai. Akwai wasu Lahadi uku a jere da duk abin da ya daka sai ya faɗa hannun mutum, lissafin ya zube ƙasa da huɗu. Femia ta same ni a famfo tana kuka.

"Kompai, mutumin nan ba ya cin abinci. Zama yake yana kallon bango yana motsa hannu. Ka ce masa ya haƙura, raken ma ai rayuwa ce."

Na ce mata to. Amma ban gaya masa ba, don ko na faɗa ba ji zai yi ba, kuma ni kaina ban yarda raken rayuwa ce ba. Da ƙyar da jiɓin goshi ya sake hawa. Masu jifa kuma suka gane shi, suka daina ba shi ta kirki, sai ta ƙasa da ta sama. Shi kuma ya bar su su wuce, ya tako wurina, jama'a na yi masa ihu. A haka muka kai Lahadin ƙarshe yana kan huɗu cikin goma cif, a bakin gaɓa. In ya faɗi sau ɗaya ba tare da ya ci ba, ya sauko ƙasa.

Don Evaristo ya cika alkawari, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zo da wani jan Ba'amurke, aka ba shi kujera da lema, yana ta fifita da hula yana duba hanya, don a ranar zai koma babban birni. Abokan karawarmu 'yan masana'antar ƙetaren kogi ne, kuma kofi suke nema kamar yadda muke nema. Kocinsu, wani tsoho mai wayon tsiya, ya tara masu jifansa ya ce, yadda kowa zai ji, "Ba a bayanmu zai hau jirgi ba."

Tsayuwar farko, huɗu a waje. Miro ya ajiye sanda ya tako. Ta biyu ma haka. Fili ya ɗauki ihu, rabi na zagin mai jifa, rabi na zagin Miro: "Daka mana, mai shanu! Da ƙafa za ka je Amurkar?" Da ya tako ta uku na ga leɓensa ya bushe fari fat.

"Kompai, ka ga abin da suke min?"

"Na gani. Kai ma ka kai wa ɗaya hannu mana, ko me za ta zama."

"In na faɗi fa? Huɗun ta tafi."

Kafin in ba shi amsa sai ga Don Evaristo ya taho bakin wayar da ta kewaye fili, ya cire farar hular, gumi na zuba.

"Lantigua! Kai wane irin mutum ne? Mutumin nan hannunka ya zo gani, ba tafiyarka ba!"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce huɗu cikin goma."

"Na ce! Yanzu kuma na ce ka daka, ko a ƙasa take birgima. Saura maka tsayuwa ɗaya, daga ita zai tashi."

Da aka yi canji, duka ya koma hannun abokan karawa, Miro ya kama hannuna ya matse. Ya ce, "Na rantse da cikin Femia, wannan karon ko me ya jefo sai na daka." Na yarda da shi, don ban taɓa jin ya rantse ba.

Ya shiga tsayuwar ƙarshe rana ta karkata. Ta farko ta bugi ƙasa tun kafin ta iso, ta biyu ta bi ta saman kansa, ta uku ta yi nisan da ko da gora ba za a taɓo ta ba. Waɗannan babu laifinsa. Amma ta huɗu, hannun mai jifan ya kuɓuce, ta taho kusa, daidai ƙugu, ba ta fi yatsa biyu a waje ba. Irin wadda ko ni da gurguwar gwiwa zan kai wa sanda. Na ga ƙafarsa ta ɗaga, na ga kafaɗarsa ta juya, sandar ta taso. Sai ta tsaya cak a rabin hanya. Idon nan da yake horarwa tun yarinta ya ga a waje take, hannun kuma ya bi umarnin ido kafin zuciya ta sa baki.

Alƙali ya nuna masa buhun farko.

Ban taɓa ganin mutum ya yi doguwar tafiya irin wannan 'yar takawar ba. Mutanenmu suka ɓarke da tafi, don an gama, huɗu cikin goma ta tabbata, abin da ba a taɓa yi ba a wasan masana'antu. Shi kuwa ya iso wurina yana kallon hannayensa kamar na wani ne aka ba shi aro. A bayansa ina hango Ba'amurken yana naɗe lema. Bai tafi hannu rabbana ba, ya ɗauki wani ɗan sha shida na ƙetaren kogi, wanda a ranar ya kai duka sau uku yana cin iska har hularsa na faɗuwa, a na huɗu ya aika ƙwallo cikin rake.

An ba Miro kofi ɗan ƙarami, aka ɗaga shi sama aka zaga da shi fili. Ni kuka nake yi, mutane suka zaci na murna ne. Don Evaristo bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Shekarar da ta biyo ya buga wasa kaɗan, yana kai wa komai duka kamar mahaukaci, bai ko kai biyu cikin goma ba, sai ya ajiye sandar. Bayan 'yan shekaru aka rufe masana'antar, aka sayar da shanun. 'Yar tasa ta tafi wankin ɗakuna a otal ɗin bakin teku, Femia ta rasu ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba.

Ba ya zuwa kallon wasa, ba ya zancensa da kowa. Sai dai wani lokaci, in kasuwa ta yi sanyi na je na zauna kusa da bahonsa, ya ɗan kurɓi giyar rake, sai can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kompai, kai kana tsaye a wurin. Ta huɗun nan, a waje take ko a ciki?"

Na sha yin niyyar in yi masa ƙarya, in ce a ciki take, alƙali ne ya yi kuskure, ko ya samu wanda zai ɗora wa laifi, ko da idonsa ne. Amma Miro ba a yi masa ƙarya a kan ƙwallo.

"A waje take, kompai. Ka yi daidai."

Sai ya gyaɗa kai, ya ce, "Na sani," ya mayar da tayar cikin ruwa.