Ranar da garinmu ya yi shiru

Shekarun ƙuruciyata duka a bakin raga suka ƙare. Ni gola ne, amma ba irin wanda ake kiran sunansa a rediyo ba. Na tsare wa kulob ɗin masaƙa raga a Kaduna, na yi na ma'aikatar ruwa a Ilori, na gangara Sakkwato. Kakar wasa ɗaya ko biyu, sai a samo wanda ya fi ni tsawo, a ce da ni an gode. In tattara safar hannuna da 'yar jakata in yi gaba. Ɗakunan da na kwana ba su ƙirguwa, babu ɗaya da na taɓa kafa ƙusa a bangonsa.

Abin da ya fi ci mini rai, hanyarmu takan bi ta garinmu, Kwantagora. Bas ta tsaya a tasha, a yi salla, a ci doya, ina hango kwanar unguwarmu, direba kuwa sai matsa oda yake kamar ana korarsa. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa sanin me nake yi da raina ba. Ita dai an ce mata ƙwallo. Ni kuwa ba na son komai kamar ta san na iya.

Rannan aka haɗa mana wasan sada zumunci da kulob ɗin garinmu, koci ya ce ni zan tsaya. Da hantsi na ruga gida. Inna tana tankaɗe, ta ƙi kallona sosai, don ni ne ɗan fari.

"Ni ina ni ina filin maza?" in ji ta. "Amma ihunsu har tsakar gidan nan yake zuwa. In na ji an ɗauka, na san kai ne."

Na yi dariya na fita. Kaico, ban ma tsaya na yi tunani ba! Ai ni baƙi nake tsare wa raga.

Wallahi ban taɓa kama ƙwallo irin na ranar ba. Ta sama, ta ƙasa, har fenariti na ture da yatsu. Duk wadda na kama, sai filin ya yi tsit. 'Yan bayan raga kaɗai ke da baki, suna zagin uwata, su ba su san tana nan bayan masallaci tana kasa kunne ba. Haushi ya sa na ƙara ƙwazo. Aka tashi ba ci, mutane suka watse suna tsaki.

Na roƙi direba ya jira ni, na je gida gwiwata duk jini. Na tarar Inna ta jawo tabarma har bakin zaure, tuwo na huce a gefe.

"Tun la'asar nake zaune, ban ji komai ba," ta ce a hankali. "Ba su sa ka ba ko? Kada ka sa a ranka. Wata rana za su sa ka."

Na buɗe baki in yi bayani, sai na ji odar bas daga bakin titi. Na ce, "To, Inna."

Ban sake buga wasa a garinmu ba. Da damina ta zagayo, ina wani kulob a Jos, aka aiko mini ta rasu.