Rediyo Mai Maɓalli Biyar

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ba ku ji ni a nan ba. Wasu sun aiko saƙo ban amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne, hannu ne ba ni da shi.

Abin ya faro a aji, a lakwal ɗin da nake koyarwa a Hamdara. Ina rubutu a allo, alli ya suɓuce mini. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Yara suka yi dariya, ni ma na yi.

Bayan kwana uku takalmi ya riƙa fita daga ƙafata ban sani ba. Rana ta biyar na kasa tashi daga sujada.

Aka kawo ni likita, wato asibiti, a Zinder. An ɗebi jini, an ɗebi ruwa daga ƙashin bayana da wata doguwar allura. Lokotoro ya ce ciwon jijiyoyi ne, Giyen-Bare ake ce masa, yakan faro daga ƙafa ya yi sama.

Na ce, "Ina yake tsayawa?"

Ya ce, "Madam, muna roƙon Allah kada ya kai ƙirji. In numfashi ya yi miki nauyi, ki faɗa nan take."

Sati biyu ina sauraron numfashina. Allah ya sa bai kai ba. Amma ƙafa da hannu sun tafi, ko ƙuda ba na iya korewa.

Bayan wata guda aka sallame ni, aka kai ni gidanmu a Birni. Maigidana direba ne a hanyar Agadas, kuma awo da magani sun cinye abin da muke da shi, dole ya koma aiki. Aka bar ni da Inna, mahaifiyata. Ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi.

Da farko ɗakin ba ya rabuwa da 'yan dubiya. Sannu a hankali aka ragu. Ban ga laifin kowa ba, kowa da hidimarsa.

Inna takan juya ni, ta ba ni kunu, ta fita tsakar gida. Maƙwabciya takan kunna mini karatu a salula ta jingina ta da matashi. Wata rana da hantsi salular ta zame ta faɗi bayan gado, ta yi shiru. Na kira Inna har muryata ta dushe. Ina jin motsin tukunyarta, ita ba ta ji na. Har la'asar ina kallon azarar rufi.

Ranar na yi kukan da ban yi a likita ba.

Da yayana Lawali ya kira daga Yamai, aka kara mini salula a kunne, na faɗa masa. Ya ce, "Akwai rediyon da ke aiki da intanet, tana kama tashoshin duniya ba shuu. Zan aiko miki hotuna ki zaɓa."

Guda uku ya aiko. Ta farko kyakkyawa, sai dai shafa gilashinta ake yi kamar salula. Ta biyu magana ake yi mata ta kunna kanta. Ita ya fi so.

Na ce, "Yaya, tana jin Hausa?"

Ya ce, "Faransanci dai."

Na ce, "Muryar da Inna ba ta ji, ita za ta ji? Kuma in an ɗauke kuran, wutar lantarki, fa?"

Ya duba. Ba ta da batir.

Ta uku baƙa ce, mummuna, kamar bulo. Maɓalli biyar manya a samanta, kowane da tasharsa, tana da batir, ga nauyi. Na ce ya tambayi mai kanti ko za ta zame in an danna ta da gefen hannu. Yaya da kansa ya aza ta a tebur ya gwada da gwiwar hannunsa, ya ce ba ta motsa ba.

Na ce ita nake so. Ya ce, "Ke da son kwalliya?" Na ce kwalliya ta jira.

Da ta iso, maigida ya haɗa ta da intanet ɗin tsohuwar salularsa, ya sa mini tashar Alƙur'ani, ta labarai, ta gaishe-gaishe ta nan gida, wata ta Kano, da wata ta Barebari saboda Inna. Aka ajiye ta daidai hannuna na dama.

Kwana tara ina jan hannun nan bisa zanen gado. A na goma ya hau maɓallin, na sake masa nauyinsa. Wani mutum ya fara karanta farashin gero.

Tun da na kwanta, shi ne abu na farko da na yi ban roƙi kowa ba.

Ba zan ce ta raba ni da kaɗaici ba. Ina jin ana gaida mutanen Dogo da Mirya, ni ba mai ambatona. Amma akwai murya a ɗakin, kuma ni ke zaɓen ta. Inna ma ta fara shigowa da tsintar shinkafarta, ta ce in sa mata ta Barebari da ƙarfi. Ba ma hira, muna dai zaune tare.

Mai gashin ƙashi yana zuwa sau uku a sati. A wata na biyar na zauna, a na bakwai na taka da sanda. Alhamdu lillahi.

Na gode wa Inna, da Yaya Lawali, da maigidana, da ma'aikatan likita. Allah ya saka muku.

Shawarata: in ƙafa ta fara mutuwa tana hawa sama, a tafi likita ranar. In za ku sayo wa majinyaci rediyo ko wani abu, ku tambaye shi abin da zai iya taɓawa da kansa, ku duba batir. Dubiya kuma, ku ajiye wata ziyarar sai wata na biyu, lokacin ne ɗaki ke yin shiru.

Wannan rubutun da yatsa ɗaya na yi shi, kwana huɗu ya ɗauke ni. Waɗanda suka aiko saƙo, ku ƙara haƙuri, zan amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya.