Lallen da Na Dasa wa Inna

Inna ta zo Duwala bayan rasuwar Baba, lokacin idanunta sun fara dushewa. Na ba ta ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, a nan unguwar New Bell, don ta riƙa jin motsin mutane. Ba ta taɓa cewa a mayar da ita Garwa ba. Abin da take faɗa kawai shi ne, "Garinku wari yake yi, ɗan Duwala. Daga kwata sai bandar kifi." Haka take kirana da tsokana, domin tun ina ƙarami kawuna ya ɗauko ni, a nan na girma.

Wata rana bayan la'asar ta ba ni labarin lallen da ke tsakar gidanmu na Garwa. Ta ce idan zafi ya shigo yakan yi fure, ƙanshin har cikin ɗaki. "Da zan sake shaƙarsa sau ɗaya, da na yafe wa garin nan." Ta faɗa tana dariya, amma ni na riƙe maganar.

Wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke kawo albasa daga Arewa ya zo mini da rassa uku a cikin jiƙaƙƙen buhu. Na dasa su a gindin katanga, ina ba su ruwa safe da yamma, yadda Inna ta ce ana yi a gida. Ban yi tunanin cewa nan ba can ba ne. Damina ta sauko, aka kwana bakwai ana ruwa, tsakar gida ya cika har idon sawu. Duka ukun suka ruɓe.

Karo na biyu, da direban ya sake kawo mini wasu rassan, na yanka duro, na huda gindinsa da ƙusa, na zuba yashi da gawayi, na ɗora shi a kan bulo. Reshe ɗaya ya kama. Idan ruwa ya yi yawa sai in ja shi ƙarƙashin rufin kwano, idan rana ta fito in mayar da shi waje. Matata ta ce, "Wannan icen ya fi ni gata a gidan nan." Inna ta amsa daga ɗaki, "Ke ai kin daɗe da yin fure, 'yata. Bar shi ya yi nasa."

Sai a shekara ta uku, wajen ƙarshen rani, na ga wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero a kan rassan. Na san fure ne zai buɗe. Ban gaya wa kowa ba, har matata. So nake Inna ta ji da hancinta kafin ta ji daga bakina.

A makon ne maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai sayar da atamfa, take aurar da ƙanwarta a unguwar Kassalafam. Na dawo daga kasuwa da yamma na tarar da icen tsirara. An yanke kan rassan duka, ganye da ƙwayoyin tare. Hajiya tana tsaye tare da wasu matan biki, da faranti cike a hannunta.

"Sannu da zuwa, Malam. Ashe ɗanyen lalle kake ɓoye mana, muna ta sayen garin lallen kasuwa mai ƙasa a ciki!"

Na bi farantin da kallo. Inna ce ta amsa daga kan tabarmarta. "Ni na ce su ɗiba. A gidanmu ba a taɓa hana lallen biki ba. Na ce su yanki na sama, ya fi kamawa."

Da suka tafi na zauna kusa da ita, na gaya mata abin da ke kan rassan. Ta juyo da fuskarta gare ni.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"So na yi ki ji da kanki."

"Ni da ba na gani, kake yi wa ɓoyo?" Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Ko ka faɗa ma, ban san yadda zan ce musu a'a ba. Bari. Baɗi, in muna da rai."

Ta rasu a tsakiyar daminar nan, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki. Ranar jana'iza ruwa bai ɗauke ba, kuma ban ko tuna da duron ba. Matata ce ta ja shi ƙarƙashin kwano ita kaɗai.

Da zafi ya dawo, lallen ya yi fure, ƙanana, farare-farare. Na tsuguna na shaƙa. Ƙanshi ne mai nauyi, ba irin wanda na zata ba. Na bar Garwa ban kai in riƙe irin waɗannan abubuwa ba, don haka ban san ko shi ne Inna take nufi ba, ko ruwan Duwala ya canja shi. Na tambayi Hajiya, ta sunsuna, ta ce ita a nan aka haife ta, ba ta san na Garwa ba.