Gyaran da Na Yi da Littafin Waya

Ban taɓa mantawa da wata Talata bayan ƙaramar Salla ba, ranar da Alhaji Ummaru mai ɗab'i ya shigo shagonmu na unguwar Gidan Igwai bai ko amsa gaisuwa ba. Ku saurara, 'yan nan, ku da kunka shigo aikin jiya-jiya.

Ni dillaliya ce. Shekara da shekaru ina ɗaukar littattafan hikaya daga shagon Malama Rifkatu, tsohuwar malamar makaranta, ina shiga da su gidajen da namiji ba ya shiga. Ban yi boko ba, da hoton bango nake gane kowane. Da zamani ya juya, littafi ya koma cikin waya. Alhaji shi ke karɓar rubutu hannun marubuta, ya turo wa masu shago, ya yanke farashi. Malama ta ba ni 'yar waya, ta nuna mini inda ake dannawa littafi ya tsallaka wayar mai saye.

To, dama can akwai rigima tsakaninsu. Alhaji ya ce ɗari biyar, ko sisi ba ragi. Malama ta ce abin da ba takarda ba tawada, ɗari uku ya isa. Ya ce duk shagon da ya karya farashi ya daina turo mishi, har abada. Kuma littattafan nan su ke riƙe da shagon.

Ranar nan ya aza wayarsa bisa tebur.

"Malama, ga littafi na biyu na sabuwar hikayar nan ya cika unguwar Gawon Nama, ana cewa daga shagonki ya fito, biyu a kuɗin ɗaya. Kin kasa ni ta gaba, kin biyo ta baya."

"Alhaji, na yi gardama da kai ido da ido. Ban yi maka ha'inci ba."

"To aljani ne ya tura?"

Ina zaune bisa tabarma bayan kantar shagon, ina jin su. Ni ce. Tun ina yarinya ina tallar gero, uwata ta koya mini ba a sallamar mai saye ba gyara. Littafin takarda ba shi gyaruwa, amma wanga, ka ba da shi yana nan, ka sake badawa yana nan. Duk wadda ta sayi na ɗaya, sai in danna mata na biyu, in ce ga gyara.

Alhaji ya miƙe, ya ce daga yau an gama. Malama ta dafa tebur, ba ta roƙe shi ba. Ba wanda ya dube ni. Da na yi shiru, da ya wuce.

Na ce, "Ranka shi daɗe, tsaya. Aljanin ga shi zaune."

Na faɗa musu duka. Alhaji ya juyo gare ni.

"Inna, gyara? Da littafin mutane?"

"Alhaji, ni ban ga mudun ya ragu ba."

"Ke ba ki gani ba. Yarinyar da ta yi wata shida tana rubuta shi, ita ta gani."

Maganar nan ta shige ni har ƙashi.

Bai yanke shagon ba. Amma ya sa sharaɗi, waya ta bar hannuna. Malama da kanta ta karɓa, ba ta iya kallon idona ba. Kan farashi kuwa, har yau suna ja-in-ja. Na koma ɗaukar na takarda, gidajen da sunka saba da waya sunka daina kirana, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aikin ga ya koya mini ke nan, 'yan nan. Kaya ko ba shi da nauyi bisa kai, wani ya yi gumi kansa. In za ku yi alheri, ku fara tambayar buhun wa kuke ɗiba.